Gumakan Budapest da Takalman Rahila

Ranar Talata ta farko a watan Agusta, da ƙarfe shida daidai na safe, na kulle ƙofar gidana da ke Lokuwa, ina tare da Kwanye, ƙanwar marigayiya matata Rahila. Shekara ta biyu ke nan da komowarmu Mubi bayan gudun da kowa ya sani, lokacin da 'yan bindiga suka kama garin. Na ce ƙarfe shida domin haka aka shirya, ko da yake mai keken da ya yi alkawarin kai mu tasha bai iso ba sai da rana ta ɗaga, bai kuma ga dalilin ba da haƙuri ba.

Tun da na dawo daga wannan tafiya, tsofaffin abokan aikina na koyarwa da maƙwabcina Alhaji Buba ba su bar ni na huta ba. Kowa tambayarsa ɗaya, yaya ƙasar Turawa take. Na lura kuma labarin da Kwanye take bayarwa a kasuwa yana ƙara tsawo kowane mako, har an fara cewa na yi dambe da gunki. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta abin da ya faru bi da bi, domin wanda zai maimaita ya maimaita daidai.

Dalilin tafiyar biyu ne. Autarmu Saratu ta yi karatun likita a ƙasar Hungari, ta auri ɗan ƙasar, suna zaune a Budapest. Sunan mijin a bakinsu Andras, ni kuwa Andarawus nake kiransa kamar yadda muka saba. Ta haifi 'yar fari, kuma tun da uwar Saratu ba ta da rai, Kwanye ce ta cancanci zuwa jego. Wannan ba shi da gardama. Na biyun shi ne wanda ya hana ni sukuni. Mahaifin Andarawus maƙerin mutum-mutumi ne, da wannan sana'a ya tsufa. Saratu ta roƙe shi ya zuba mata siffar kan uwarta da tagulla, domin jaririyar ta tashi ta san fuskar kakarta. Hotuna biyu kaɗai Saratu take da su, duka a cikin taron zumuntar mata, fuskar Rahila a ciki ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Don haka ana bukatar in zo in kwatanta. Na gaya mata a waya cewa ba zan yi ba. A makarantar mishan aka koya mini doka ta biyu, wadda ta hana sassaƙa siffa, da bulala, ni ma na koyar da ita tsawon aikina, ban kuma ji an sauya ta ba. Ta ce, "Baba, ka zo dai ka gani tukuna."

Ga wanda bai sani ba, Rahila ta rasu a hanyar gudu. Hawan jini ne ya kayar da ita a wata gona bayan Kwaja, wasu manoma da ban san sunansu ba suka taimake ni muka binne ta da fartanya. Da na koma bayan damina, ban gane wurin ba. A gida kuwa, waɗanda suka shiga sun kwashe abin da za su kwashe, suka tara hotunan da ke bango da na cikin akwati a tsakar gida suka cinna musu wuta. Abu ɗaya suka bari, takalmanta na zuwa majami'a, baƙaƙe, marasa tsini, a bakin ƙofar ɗakinta. Rahila ba ta taɓa cire takalmi ta jera shi ba. Kullum na hagu yana gaba a karkace, na dama yana baya. Fiye da shekara arba'in ina bin bayanta ina jera su, ina faɗa, tana dariya. Ranar gudu ban sami zarafin jera su ba. Yadda na same su haka na bar su, in zan yi shara sai in kewaye.

Hanyar Yola ba sai na kwatanta wa ɗan Mubi ba. Shingen sojoji a mashigar gari, wani kafin Hong, wani a Gombi, kowanne sai an sauka an ɗaga hannu an taka. A ɗaya daga ciki wani soja, wanda bai kai shekarun ɗalibaina na ƙarshe ba, ya buɗe fasfona ya ce, "Baba, da wannan shekarun za ka gudu Turai?" Na amsa masa cewa lokacin da gudu ya wajaba da ƙafa na yi shi, yanzu kuwa ziyara ce. Kwanye ta ba shi gyaɗa soyayya, ya bar mu. Daga Yola muka hau jirgi zuwa Abuja, daga can wani babba ya ɗauke mu, muka sake wani a hanya. Abincin jirgi ba shi da laifi in ban da ƙanƙanta. Kwanye ta tattara cokulan roba ta zuba a jaka, na hana ta, ta ce ai ba ni na haife ta ba.

A filin jirgin Budapest ne abu na farko ya same ni. Mai duba fasfo ya tambayi dalilin zuwana, na ba shi amsa da cikakken Turanci irin na da, ya dube ni kamar bai taɓa jin jimla mai kai da ƙafa ba, ya buga hatimi. Amma wani kare da ke tare da ma'aikatan kwastan ya je ya zauna a gaban jakar Kwanye ya ƙi tashi. Aka kai mu gefe. Wata ma'aikaciya ta sa safar hannu ta fara fitar da kaya. Kilishi da busasshen kifi aka karɓe. Daddawa ta shaƙa sau ɗaya ta ja da baya, ta kira abokin aikinta, shi ma ya shaƙa, suka yi shawara mai tsawo. Daga ƙarƙashin kayan kuma ta zaro wani ƙunshi a tsohon ɗankwali, ta warware, sai ga takalman Rahila a kan teburin kwastan.

Sai da muka fito na tambayi Kwanye da izinin wa ta ɗauke su. Ta ce da safen da na shiga ɗauko laimata ta naɗe su. "Hedimasta, damina ce fa. Ka bar su wata biyu a waje ba mai kulawa, ka dawo ka tarar da gara ta gama da su. 'Yarta ma tana da hakki." Na gane hujjarta, amma abin da ban taɓa da hannuna ba tun ranar gudu, ita ta ɗaga shi kamar tsumma. Daga nan Saratu da mijinta suka tarye mu.

Gidansu a saman bene yake, cikin wani tsohon gini mai tsakar gida wadda ba a girki a cikinta, ba a shanya, ba yaron da ke wasa. Na gai da maƙwabta uku a matakala a ranar farko. Ɗaya ta gyaɗa kai, biyu suka matsa mini hanya kamar na roƙe su wani abu. Abin da ya yi kama da namu shi ne suna cire takalma a bakin ƙofa, sai dai daga ciki, inda mai wucewa ba zai gani ba. A wurinmu takalmi a ƙofa sanarwa ne, kana gani ka san wa ke ciki, ka san ko za ka yi sallama ko ka koma. Su kuwa har wannan sun ɓoye. Karin kumallo burodi ne da nama mai sanyi da ɗanyen tattasai. Da rana akwai wata jar miya ta naman sa wadda launinta ke alkawarin yaji, ka kai baki ka ji babu. Wata rana aka kawo mini miyar 'ya'yan itace, mai zaƙi, mai sanyi, kafin abinci. Na sha domin ladabi. Jaririyar kuwa lafiyayya ce, kuma tun da 'yar fari ce, bisa al'adarmu sunanta na gida Kuve, kamar kakarta.

Yanzu zan zo kan gumakan, domin su ne aka fi tambayata. Na ɗauka zan ga ɗaya ko biyu a mahaɗar hanya, kamar yadda ake yi a manyan garuruwanmu. Abin ya wuce haka nesa. Birnin nan yana da jama'a biyu, masu numfashi da na dutse, kuma ban tabbata waɗanne suka fi samun kulawa ba. A jikin gidaje akwai ƙarti na dutse da suka ɗauki baranda a kafaɗa, fuska a murtuke, ba riga. A wuraren da ruwa ke tsartuwa akwai mata tsirara, ba ko ɗan ƙyalle, yara 'yan makaranta suna zaune a gindinsu suna cin burodi tare da malamarsu. Na tambayi Andarawus ko iyayen yaran sun sani. Ya ce iyayen ma a nan suka ci nasu burodin. Kwanye ta tsaya a gaban ɗaya ta daɗe tana dubawa, ta ce wadda aka kwaikwaya ba ta taɓa shayarwa ba, ta kuma yi tayin ba ta aron zane.

Akwai wani babban fili inda sarakunansu na da suke kan dawakai, da gashin baki kamar ƙahon sa. Waɗannan aƙalla suna da sutura. Amma a kan tudun da ke hayin kogi na ga abin da har yanzu nake jin nauyin rubutawa. Wani jarumi ne a kan doki, dukan tagullar ta yi duhu saboda shekaru, sai wuri ɗaya a ƙarƙashin dokin, wanda ba zan ambata ba, yana ƙyalli kamar sabon kwano. Saratu ta ce ɗalibai ne ke hawa su shafa kafin jarrabawa. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, na ga satar amsa iri iri, ban taɓa ganin wannan ba. A wani titi kuma akwai ɗan sanda na tagulla mai ƙaton ciki, kowa ya zo wucewa sai ya shafi tumbin don neman sa'a. Na ga mace mai furfura ta yi haka. Kakana yana da dutsen da yake shafa wa mai a gindin tsauni, Turawa suka hau keke suka zo har ƙauyenmu suka ce ya jefar. Ya jefar. Ga shi na zo garinsu na tarar da nasu a tsakiyar kasuwa, ana layi.

Batun damben da ake yaɗawa, ga gaskiyarsa. A wani dandali na ga mutum-mutumin wani mai doguwar hula, launin azurfa, a kan akwati. Aikin bai yi mini kyau ba, domin kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, kuma fentin ya tattare a wuya. Na ɗaga laimata na ƙwanƙwasa gwiwarsa sau biyu don in ji irin ƙarfen. Sai ya sunkuyo ya kama bakin laimar. Kwanye ta kira sunan Yesu da ƙarfin da tantabarun dandalin suka tashi, ta bar ni a wurin. Ashe mutum ne mai rai, ya shafe jikinsa da fenti, tsayuwar ita ce sana'arsa. Na ba shi haƙuri yadda ya kamata, shi kuma ya cire hula ya rusuna. Ba wanda ya bugi wani.

Duk wannan yawon na san inda ake nufa da ni. A mako na biyu aka kai mu wurin aikin mahaifin Andarawus, a bayan gari. Sunansa Yanos, wato Yohanna, don haka Malam Yohanna nake ce masa. Dogo ne, siriri, ba ya jin Turanci, ɗansa ke fassara. Abin da na fara lura da shi shi ne kayan aikinsa, kowane kurfi da kowace guduma a rataye a wurinta bisa ga girma, ƙasa kuma a share. Na girmama shi tun kafin mu gaisa. A tsakiyar ɗakin akwai wani abu a kan dogon teburi an lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ba wanda ya gaya mini ya riga ya fara. Ya ɗage ƙyallen, sai ga kan mace na yumɓu, da ɗaurin ɗankwali irin na zumuntar mata.

Ba Rahila ba ce, amma kamar wata 'yar'uwarta ce da ba a taɓa gaya mini an haifa ba. Kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce kunnen ba haka yake ba. Malam Yohanna ya ɗauki ɗan itacen aikinsa ya tsaya yana jira in faɗi yadda yake. Na san ba daidai ba ne, amma daidai ɗin ya ƙi zuwa. A wurinmu namiji ba ya zama ya ƙura wa matarsa ido, tare kuke duban gona, tare kuke duban yara. Kwanye ta ce hancin ya fi haka faɗi, Saratu ta ce a'a, goshin ne ya yi tudu, suka fara gardama a kan fuskar da kowannenmu yake rantsuwa ya sani. Sai na ce a rufe. Na ce da ma na faɗa tun a gida, ba zan sa hannu a siffar abin da Allah ya halitta ba, kuma ba zan yarda wata rana wani ya shafi hancin matata don neman sa'a ba.

Saratu ta ce, "Baba, ba kabari, ba hoto. Me kake so in nuna wa Kuve?"

Kwanye ce ta yi magana, a hankali, ba irin muryarta ta kasuwa ba. "Hedimasta, waɗanda suka ƙona hotunanta ma cewa suka yi tsoron Allah ne ya sa su."

Ba a taɓa gaya mini magana mai nauyin wannan ba, kuma a gaban surukai. Muka koma gida. Kwanaki suka wuce Saratu tana kawo mini abinci da ladabi, tana amsa tambaya da kalma ɗaya. Na fara tunanin a matso da ranar komawata.

Malam Yohanna mai sammako ne kamar ni, kuma bayan wannan rana ya fara zuwa ya ɗauke ni mu taka. Ko rana ɗaya bai fasa ba. Tafiyarmu ba hira, in ya ga aiki mai kyau ya nuna da sanda, in na ga shara a ƙasa in nuna da laima. Wata safiya muka gangara bakin kogin Danub, wanda Kwanye ke kira mayo, yadda muke kiran kogi a wajenmu, duk da ya ninka namu sau da yawa, kusa da babban ginin majalisarsu. Daga nesa na hango takalma a bakin gaɓa, da yawa, na maza da na mata da na yara. Na ce a raina wanka ake yi, a wannan sanyin safiya, a gaban majalisa, kuma bisa ga abin da na gani a birnin nan ba shakka tsirara. Na dubi ruwan don in tabbatar. Ba kai ko ɗaya a cikinsa.

Muka matsa kusa. Takalman a warwatse suke, wani ya juya baya, wani ya rabu da ɗan'uwansa. Hannuna ya yi abin da ya saba. Na sunkuya na kama wani takalmin mace don in jera shi da nasa, ya ƙi motsi. Ƙarfe ne, an kafa shi a dutse, da tsatsa da lanƙwasar da fata ke yi in ta daɗe a ƙafa. Malam Yohanna ya taɓa kafaɗata ya nuna mini wani allo a ƙasa, akwai Turanci a ciki. A lokacin yaƙin duniya na biyu 'yan bindiga na ƙasar suka riƙa kawo mutane nan, yawancinsu Yahudawa, su sa su cire takalma, domin takalmi yana da daraja a lokacin, sa'an nan su harbe su ruwa ya tafi da su. Su ma ba kabari.

Na zauna a kan dakalin dutse. Wanda ya bi hanyar Kwaja a ranar nan ya san abin da na tuna. Silifa ne a hanya tun daga bakin gari, ɗai ɗai, na yara sun fi yawa, ba mai tsayawa ya ɗauka. Na duba takalman ƙarfen nan da kyau, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake duba rubutun ɗalibai. Ban sami kuskure ba. Na ga wanda mai shi yake taka gefe, na ga wadda ta kwance igiya a tsanake, da wanda ya fizge ƙafarsa. Ba fuska ko ɗaya, amma na san kowannensu fiye da sarakunan da ke kan dawakai. Na kuma duba ko akwai inda hannu ya goge har ya yi ƙyalli. Babu. Malam Yohanna ya cire hularsa ya zauna kusa da ni, muka daɗe.

Da muka koma na ce wa Kwanye ta kawo ƙunshin, na ce wa Andarawus ya kai mu wurin aikin mahaifinsa, har da Saratu da jaririya. Na bayyana matsayina a fili. Kan Rahila dai ba zan kwatanta ba. Amma takalmi ba halittar Allah ba ne, aikin baduku ne, ban kuma taɓa jin wanda ya durƙusa wa takalmi ba. In akwai dattijon majami'a da ya ga hujjar nan ba ta cika ba, ƙofata a buɗe take mu zauna. Na tambaya ko za a iya zuba waɗannan da tagulla yadda suke, da dugadugin hagu da ya cinye ta waje, da ɗinkin da aka yi wa na dama a kasuwar Mubi. Malam Yohanna ya jujjuya su, ya ce za a iya, kuma fatar ba za ta lalace ba.

Saratu ta ce, "Takalmi, Baba? Fuska na roƙa."

Malam Yohanna ya kawo allon katako ya ɗora su a kai, ya jera su kai da kai, dugadugi da dugadugi, yadda ni kaina zan yi. Na ture hannunsa. Na tura na hagu gaba kamar taƙi guda, na karkata bakinsa ciki, na ja na dama baya na ɗan buɗe shi. Fuskar ta ɓace mini, amma wannan ban yi shakkar ko ɗan yatsa ba. Shi kuma, da yake mutum ne mai tsari, ya sake miƙa hannu zai gyara, na sake turewa. Sai na ji Saratu ta yi wani sauti a bayana, tsakanin dariya da kuka.

"Ta shiga da sauri ke nan," in ji ta. "Ta bar tukunya a wuta."

Kwanye ta ce, "Ga shi kuwa za a biyo ta da faɗa." Ta goge ido da bakin zane. Saratu ta juyo da jaririyar ta fuskanci allon, ko da yake yarinyar barci take yi. Ba ta sake tayar da maganar kan ba. Ni ma ban nemi Kwanye ta janye maganarta ba, ita ma ba ta yi tayi ba, muka ci gaba da gaisawa.

Aikin ya ɗauki makonni. Na je na ga yadda ake yin ƙirar, da kakin zuma, da narka tagulla, ban sami abin gyarawa ba sai sau ɗaya, da ya so ya goge su su yi haske, na ce Rahila ba ta taɓa shafa musu mai ba sai ranar Kirsimeti. An miƙa Kuve ga Allah a majami'a kafin mu taso. A hanyar dawowa, a shingen da ke kafin Hong, wani soja ya ɗaga jakata ya ji nauyi, ya sa dukan fasinjoji suka ja da baya, ya ce in buɗe da kaina a hankali. Da ya ga abin da ke ciki ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ce, "Baba, wa zai iya sa wannan?" Na ce mai su ta riga ta cire. Ya dube ni, ya taya ni naɗewa.

Ba a zuba kan ba. Da yardar Saratu, Malam Yohanna ya mayar da yumɓun cikin bokiti. Takalman fata suna Budapest a wurin Saratu. Na tagulla suna ƙofar ɗakin Rahila a Lokuwa, an kafa su da siminti, na hagu a gaba a karkace, na dama a baya.